Kare tankin bayan gida daga daskarewa: littafin aikin hunturu a Albata

Asabar, 14 ga Oktoba, 2023

Hunturun bana a ɗakin tafi-da-gidanka zan yi shi, irin wanda ake ɗaura wa mota a baya ta ja. Aikin walda nake yi a Nisku, unguwar masana'antu da ke kudu da birnin Edmonton a lardin Albata na Kanada, dab da babban filin jirgin sama, kuma kuɗin haya a cikin gari ya fi ƙarfin lissafina. Na kama fili a wani sansani da ba ya rufewa da hunturu. Kowane fili yana da soket ɗin wuta, da famfo, da bakin magudanar ƙazanta a ƙasa. Ɗakin nawa kuwa na masu yawon shaƙatawa ne da bazara, ba a ƙera shi don sanyin da ke kaiwa digiri 30 ko 40 ƙasa da sifili ba. A kan abu guda zan riƙa rubutu, wato tankunan ƙazanta, don wanda ya samu kansa a irin wannan zama ya san ta inda zai fara.

Yau na shiga ƙarƙashin ɗakin da tocila na duba komai. Tankuna uku ne. Na ruwa mai tsabta yana ciki, ƙarƙashin gado, ɗumin ɗaki ya ishe shi. Sauran biyun suna rataye ƙarƙashin daɓe, tsakanin ƙarafan firam: ɗaya na bayan gida, ɗaya na ruwan wanka da wanke-wanke da alwala, kowanne zai ci kusan lita 150. An lulluɓe su da wani siririn fallen roba wanda ba abin da yake tarewa sai tsakuwar hanya. Daga tankin bayan gida bututu mai faɗin inci 3 ya fito, daga ɗayan kuma mai inci ɗaya da rabi. Kowanne yana da bawul irin mai harshe, a jawo hannunsa ya buɗe, a tura ya rufe. Bututun biyu sun haɗu a mafita guda, kuma wannan wuri duk a waje yake tsirara, iska na dukansa ta kowane gefe.

Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, robar da ake yin waɗannan bututu da ita kuma takan yi gautsi a sanyi mai tsanani. In ta tsage, najasa ce za ta zuba ƙarƙashin inda mutum yake kwana yake salla, kuma ba gyaran kirki sai wajen Afrilu. Da yawa daga masu irin wannan zama a nan sukan zubar da ruwan ɗakinsu gaba ɗaya, su rufe famfo, su koma banɗakin sansani har hunturu ya wuce. Wannan ya dace da wanda takarda ta ishe shi. Ni da buta nake shiga bayan gida, ga alwala sau biyar, ga asuba da ke zuwa daidai lokacin da sanyi ya fi tsanani. Dole banɗakin ɗakina ya yi aiki.

Ga yadda na jera aikin: in tare iska tukuna, sannan in ɗumama bawul da bututu, sannan tankunan, sannan in tsara yadda zan riƙa zubar da abin da ya taru.

Asabar, 28 ga Oktoba

Shingen ƙasa ya kammala, alhamdu lillahi. Wani ɗan'uwa Bahaushe daga Kumasi da muke aiki tare shi ya taya ni. Ya girme ni, ya kuma daɗe a ƙasar nan. Mun kafa firam na katako a ƙasa muka zagaye ɗakin da shi, muka yanka allunan kumfa masu tauri, masu kaurin inci 2, irin waɗanda magina ke sawa a bangon gidajen nan, daidai tsayin da ke tsakanin ƙasa da gindin ɗakin. Duk inda allo biyu suka haɗu mun liƙe da salatif na alminiyam. Mun zaɓi tsakar rana don liƙin, saboda danƙonsa ba ya kamawa in wuri ya yi sanyi sosai, ga shi dare ya riga ya fara sauka ƙasa da sifili.

Dalilin da ya sa na fara da shinge shi ne, iska ba ta iya sanyaya abu fiye da sanyin garin, amma tana kwashe ɗuminsa da sauri ƙwarai. Duk hitar da aka sa ƙarƙashin ɗakin da iska ke ratsawa, sararin Allah ake ɗumamawa. Akwai kuma ribar yin shingen da wuri. Ƙasar da ke ƙarƙashin ɗakin ba ta daskare ba tukuna, tana riƙe da ɗumin bazara, in an rufe ta yanzu za ta riƙa sakin wannan ɗumi a hankali cikin shingen. Wanda ya bari sai Disamba, ƙasa daskararriya zai rufe. Mun shimfiɗa leda mai kauri a kanta don danshi kada ya riƙa tasowa.

Wasu maƙwabta da dammunan ciyawa suka zagaye nasu, ya fi araha kuma yana tare sanyi. Na tambayi abokin aikin nawa ra'ayinsa. Ya ce, "Ƙanena, ciyawa gidan ɓera ce, ɓera kuma waya yake ci. In wuta ta kama ciyawa a ƙarƙashin mutum yana barci fa?" Na ce, "Gaskiya ne, Yaya, Allah ya kiyaye."

Shi ma allon kumfa yana cin wuta, don haka mun nisanta shi daga inda hitar gas ke fitar da hayaƙinta. Tukwanen gas a wajen shinge muka bar su. Gas ɗin furofen ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo a rufaffen wuri ƙasa yake kwanciya ya taru, ga kayan lantarki a gefe. Na bar ƙaramar ƙofa daidai wurin bawul don hannuna ya riƙa kaiwa ba tare da na ɓalle allo ba. Na kuma sa ma'aunin zafi mai kawuna uku, ɗaya a waje, ɗaya a jikin bawul, ɗaya a lungun da ya fi nisa cikin shingen, duk ina karanta su daga ɗaki.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Kafin in kashe kuɗi a kan hita na zauna na yi lissafi, kuma wannan lissafi shi ne ginshiƙin aikin duka.

Kafin kilo ɗaya na ruwan da ya riga ya sauka zuwa sifili ya koma ƙanƙara, sai an zare masa zafi kilojul 334. Lita 100 ke nan sai an zare kilojul 33,400, wato abin da ya haura kilowat 9 na awa guda. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne ko ga sanyin Albata, sai ya ɗau lokaci. To a dubi guntun bututun da ke tsakanin tanki da bawul. In tsawonsa santimita 30 ne, faɗinsa inci 3, ruwan da ke kwance a cikinsa bai kai lita ɗaya da rabi ba, kuma sanyi na taɓa shi ta ko'ina. Na ruwan wanka ya fi wannan ƙanƙanta nesa. Duk wanda ya taɓa sa ledar fiya wata da bokitin ruwa a firiza tare ya san wanda ke fara ƙanƙara. Saboda haka ba tanki ne ke fara daskarewa ba, bakinsa ne. In bakin ya toshe, ko da abin da ke cikin tanki ruwa ne tsululu, ba hanyar fitar da shi, kullum kuma ƙaruwa yake har ya cika.

Don haka bawul da bututu na fi ba wa kulawa. Na naɗe su da igiyar hita irin mai daidaita kanta, wadda ke ƙara zafi in wuri ya yi sanyi ta rage in ya yi ɗumi. Na fara liƙa alminiyam a jikin bututun don zafin ya bazu, sannan igiyar, sannan na lulluɓe da soson tare sanyi har zuwa bakin mafita. Jikin bawul ɗin ma na naɗe, na bar wa hannunsa hanya kawai.

Tankunan kuma kowanne na manna masa fallen hita a gindi, kusa da inda bututu ya fito, don can ne ruwa ke kwanciya. Kowanne bai kai wat 100 ba. Suna kunna kansu in sanyi ya sauko wajen digiri 7, su mutu in tanki ya yi ɗumi. Sharaɗinsu shi ne kada a kunna su tanki na wayam, dole akwai ruwa a kansu. Akwai masu aiki da batir mai bolt 12, akwai masu aiki da wutar soket mai bolt 120. Na zaɓi na soket da gangan. Fankar hitar gas da batir take aiki, in wuta ta ɗauke ba na son fallayen su shanye batirin cikin 'yan awoyi su bar ni ba ɗumi a ɗaki.

Wutar da sansani ya ba ni amfiya 30 ce a kan bolt 120, wato wat 3,600, kuma ƙa'idar masu aikin lantarki ita ce lodin da zai daɗe a kunne kada ya wuce kashi 80 cikin 100, wat 2,880 ke nan. Hitar ɗaki ɗaya mai wat 1,500 ta cinye fiye da rabi. Ga hitar injin mota da ake jonawa da dare, ga firji, ga butar shayi. Na rubuta abin da kowanne ke ja na manna a bango kusa da bireka.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Har yanzu ba dusar ƙanƙara, ƙasa ja wur kamar ba Nuwamba ba. Masana yanayi sun ce shekarar El Nino ce, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik da kan kawo hunturu mai sauƙi a nan. Na so a ce ta sauko, don in an tara ta a gindin shinge tana toshe 'yan kafofin da iska ke bi.

Na tsayar da tsarin zubarwa. Bawul biyun a rufe suke kullum. Na bayan gida dama ba a barinsa a buɗe ko da bazara ne, don ruwan zai tsiyaye ya bar mai kaurin ya taru ya bushe a gindin tanki. Na ruwan wanka kuwa mutane da yawa sukan bar shi a buɗe, su jona tiyo zuwa magudana su manta da shi. Da hunturu wannan shi ne hanyar ɓarna mafi sauri, musamman ga mai yawan alwala. Ruwan alwala kaɗan ne, ba shi da ƙarfin da zai ruga ya fita. Yana shiga tiyo mai sanyi, tiyon ga shi da lanƙwasa-lanƙwasa a ciki, sai ya kwanta ya daskare. Na gaba ya zo ya hau kansa. A hankali ƙanƙara ta cika tiyon ta dawo baya har bakin bawul. Wani dattijo maƙwabcina, ɗan ƙasar nan, ya nuna min tsohon tiyonsa na bara da ya tsage tun daga sama har ƙasa ta wannan hanya.

Saboda haka nake barin tankuna su kai kashi biyu cikin uku kafin in zubar. Ruwa mai yawa ya fi riƙe ɗumi, ya kuma fi ƙarfin wanke bututu in ya fita. Ina zaɓar tsakar rana. In ɗauko tiyo daga akwati mai ɗumi, in jona, in tabbatar ya gangara ba inda ya lotsa, in buɗe na bayan gida tukuna, in ya gama in rufe, sannan in buɗe na ruwan wanka ya wanke hanyar. Daga nan in ɗaga tiyon ya tsiyaye sarai, in cire, in mayar da murfin mafita. Kafin in koma ɗaki nakan zuba ruwa mai ɗumi kamar bokiti ɗaya a kowane tanki saboda fallayen hita.

Tsarki da ruwa ya zama alheri a nan. Matsalar da masu irin waɗannan ɗakuna suka fi kuka da ita ita ce ƙarancin ruwa a tankin bayan gida, ga takarda ta cika shi. Nawa kullum da isasshen ruwa, kuma ruwan buta mai ɗumi ne.

Asabar, 16 ga Disamba

Kowa a nan maganarsa ruwan hana daskarewa, mai launin hoda, wanda ake sayarwa a jarka an rubuta 50 ƙasa da sifili a jiki. Wasu sukan zuba kofi biyu a tanki su ce sun gama. Tun da garin bai yi sanyin gwaji ba, na yi amfani da firizar gidan Yaya, wadda ke kan digiri 18 ƙasa da sifili kamar yawancin firizoji. Na sa kofuna: ɗaya ruwan hodan zalla, ɗaya rabi da rabi da ruwa, ɗaya ɗan kaɗan cikin ruwa mai yawa kamar yadda zai kasance a tanki, ɗaya kuma ruwan gishiri mai kauri.

Washegari na zallar ya yi kauri ya zama tsaki-tsaki, amma cokali na shiga. Abin da lambar jikin jarka ke nufi ke nan: ba wai zai zauna ruwa har digiri 50 ƙasa da sifili ba, a'a, ba zai kumbura ya fasa bututu ba ne kafin nan. Na rabi da rabi ya kama. Na ukun ya zama dutse, bambancinsa da ruwan famfo launi kawai. Wato duk abin da aka zuba a tankin da ake amfani da shi kullum, ruwan da ke biyo baya zai surke shi har ya tashi daga aiki.

Ruwan gishirin bai daskare ba, don shi sai wajen digiri 21 ƙasa da sifili. Amma kafin lita 100 ta kai wannan kauri sai an narka mata gishiri kusan kilo 30, ga shi yana cin ƙarfe. Wannan ba hanya ba ce. Ruwan lagireton mota kuwa, mai sinadarin etilin gilaikol, guba ne, yana da zaƙi har dabbobi na lasa su mutu, ba shi da wuri a magudana. Haka ruwan wanke gilashin mota, metanol ne a cikinsa.

Inda ruwan hodan ke da amfani shi ne bayan an zubar da tanki. In aka zuba shi zalla a lokacin, shi zai fara gangarawa ya kwanta a bakin bawul. Na sayi irin mai furofilin gilaikol, don ya fi mutunci ga robar da ke cikin bawul.

Asabar, 30 ga Disamba

Disamba ta zo da sauƙi, an yi Kirsimeti ba farar ƙasa. Rana ce dai gajera, awa bakwai da rabi, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa.

Abin da ma'auni ya nuna min a makonnin nan ya isa a rubuta. Daren da na dogara da hitar lantarki a ɗaki, ɗakin yakan yi ɗumi amma wurin tankuna ya yi sanyi. Daren da hitar gas ta yi aiki, wurin yakan ɗaga. Dalili shi ne hitar gas tana da ƙaramin bututun iska da ke hura ɗumi zuwa ƙarƙashin daɓe. In hitar lantarki ta ɗumama ɗaki, ta gas ba za ta tashi ba, ƙasa kuma ba ta samun komai. Mai tsimin gas ta wannan hanya tankinsa yake sadaukarwa. Na yi hayar babbar tukunyar gas, an kawo an jona, an sa mata bargon lantarki irin wanda aka yi musamman don tukwanen gas. Na kuma sake gwada na'urar gano hayaƙin kabon monoksaid da ta gano yoyon gas.

Talata, 9 ga Janairu, 2024

Hasashen yanayi ya nuna sanyi mai tsanani na tafe daga arewa, ana maganar 40 ƙasa da sifili. Yau na zubar da tankuna biyun, na zuba ruwan hoda zalla, na bi da ruwan ɗumi. An cika tukunyar gas. Na cire tiyon famfo na koma ruwan tankin ciki. Na sa ƙaramar hita cikin shinge a kan bulo, nesa da allon kumfa, bakinta na kallon bawul, a kan rabin ƙarfinta, ta hanyar soket mai kunna kansa in sanyi ya sauko wajen digiri 2 ya kashe a wajen 7. 'Yar dusar da ta sauka na tattara na danna a gindin shinge ta ɓangaren arewa da yamma.

Juma'a, 12 ga Janairu

Da safiyar yau ma'aunin filin jirgin sama ya wuce digiri 45 ƙasa da sifili, kuma tsakanina da filin ba nisa. A irin wannan sanyi numfashi kansa ciwo yake a ƙirji, fatar da ba a rufe ba kuma cikin 'yan mintoci take lalacewa.

Kan ma'aunin da ke jikin bawul ya tsaya sama da sifili kaɗan duk dare. Na lungu mai nisa ya sauka ƙasa da sifili sosai, amma ba bututu a can. Ƙaramar hitar ba ta huta ba ko sau ɗaya. Banɗaki na aiki, alwala a ɗaki na yi.

Abin da ya fi tsaya min a rai gas ne. Furofen ruwa ne a cikin tukunya, sai ya tafasa ya zama iska kafin ya kai ga hita, kuma yana tafasa ne a digiri 42 ƙasa da sifili. In garin ya wuce nan, ko tukunya a cike take ba abin da zai fito. Ko kafin a kai nan ma ƙarfinsa raguwa yake, ga shi yana ƙara sanyaya kansa yayin da ake jan sa. Bargon nan ne ya sa hitata ta ci gaba da aiki. Wasu a sansanin da ke kan ƙananan tukwane hitarsu ta mutu cikin dare, yau da rana ana ta ƙoƙarin narkar da bututu da na'urar busar da gashi. Na taya dattijon maƙwabcina. Na roƙe shi kada ya bari kowa ya kawo wutar walda ko ta gas kusa da bututun, don robar narkewa za ta yi, ga iskar da ke cikin tankin bayan gida tana iya kamawa. Ruwa tafasasshe ma bai dace ba, roba mai gautsi tsagewa take in zafi ya buge ta farat ɗaya.

Lahadi, 14 ga Janairu

Jiya da daddare wayoyin kowa suka yi ƙara da saƙon gaggawa daga gwamnatin lardi. Hukumar AESO mai kula da wutar Albata ta ce lodi ya yi yawa, in ba a rage ba za a fara ɗauke wuta yanki-yanki. Tun ranar Alhamis 11 ga wata aka kafa tarihin jan wuta a lardin, megawat 12,384. Saƙon ya nemi a kashe fitilun da ba a buƙata, a rage hitar lantarki, a jinkirta jona hitar injin mota. Na kashe hitar ɗaki, na cire motar daga soket, na bar na ƙarƙashin ɗaki da bargon gas. Jama'a sun amsa, cikin 'yan mintoci lodin ya sauka da kusan megawat 200, kuma ba a kai ga ɗauke wutar ba. Wannan haɗin kai ya burge ni ƙwarai.

Amma daren ya nuna min iyakar abin da na gina. Igiyar hita, da fallaye, da ƙaramar hita, da bargon gas, duk a kan waya ɗaya suke rataye. In wuta ta tafi a irin wannan sanyi, batir zai juya fanka na ɗan lokaci, amma tukunyar gas za ta huce ta daina bayarwa. Shinge jinkiri kawai zai saya min. Saboda haka na rubuta abin da zan yi in hakan ta faru: nan take, tun bawul na da ɗumi, in zubar da tankuna biyun, in cika bakinsu da ruwan hoda zalla, in tsiyaye ruwan famfo, in zuba hodan a maƙogwaron kowane wurin wanke hannu da na wanka, in kulle ɗaki in tafi. Na kira Yaya na gaya masa. Ya ce, "Ƙanena, ko tsakar dare ne ka taho, ƙofa a buɗe take. Kada ka tsaya gadin tanki ka rasa yatsunka."

Wata matsalar ta fito daga sama, inda ban sa ma'auni ba. Tun jiya ɗan wari ya fara shigowa, kuma in an buɗe masai sai iska ta taso da kumfa. Tankin bayan gida yana da bututun shaƙar iska da ya fita ta rufi. Tururin da ke tashi daga tanki mai ɗumi yana isa bakin bututun sai ya daskare, har ya rufe shi. Da rana Yaya ya zo ya riƙe min tsani na hau ta gefe, ban taka rufin ba don santsi, na cire murfin na fasa ƙanƙarar da sanda. Warin ya ɗauke.

Asabar, 20 ga Janairu

Sanyin ya sassauta, na zubar da tankuna. Na bayan gida ya buɗe lafiya lau. Hannun na ruwan wanka ya ɗan cije, ban tilasta shi ba, don sandarsa siririya ce kuma harshen roba ne. Na hura masa iska mai ɗumi na ɗan lokaci ya saki. Da na kwance soson na ga inda sandar ke shiga jikin bawul akwai 'yar kafa da sanyi ke bi ta ƙarfen. Na yi wa bawul biyun akwati na allon kumfa mai murfi, har da hannuwansu a ciki. Bututun rufi kuma na naɗe abin da ya fito waje da soso.

Na bi kowace mahaɗa da tocila da busasshen tsumma. Ba tsaga, ba yoyo. Salatif ya saki a wurare biyu ta ɓangaren iska, na danne su da siraran katako da sukurori tun da liƙi ba zai kama yanzu ba.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Ƙarshen Janairu ya zo da ɗumi, da rana garin na haura sifili, dusar da na tara a gindin shinge ta narke. Ruwanta ya gangara ƙarƙashin allunan ya kwanta a kan ledar, da dare kuma ya daskare ya ɗaga gefen firam kaɗan. Na share ruwan, na ɗaga mahaɗar wayoyi duka daga ƙasa na ɗaure su a jikin ƙarfen ɗakin, na gwada soket mai katse wuta in ruwa ya taɓa, yana aiki. Da rana nakan buɗe ƙaramar ƙofar don danshi ya fita, in rufe kafin la'asar.

Hunturu a nan yakan kai ƙarshen Maris, Fabrairu kuma ba a amince mata. Abin da ya rage a gabana shi ne ƙaramin janareta wanda zai ɗauki bargon gas da igiyar bawul da cajin batir, ba sai ya ɗauki ɗakin duka ba. Zan yi masa mazauni a waje, nesa da taga da ƙofa saboda hayaƙi, in sa masa man inji na sanyi don ya tashi. Ina kuma son in maye tiyon da bututun roba mai tauri, mai gangaren santimita 2 a kowace mita, a naɗe da igiyar hita, don in daina fita jona tiyo a sanyi. Na auna tazarar daga mafita zuwa bakin magudana, mako mai zuwa in sha Allahu zan sayo bututun da mahaɗansa.